Tukunyar Uwargida: Tambayoyinku a Kan Girkin Kuɓewa

Assalamu alaikum, masu karatu. Tun da damina ta kankama kuɓewa ta wadata a kasuwa har ta yi araha, mafi yawan wasiƙun da suka iso wannan fili a kanta suke. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani gidaje da yawa, na kuma rage tsawon wasu saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ni amarya ce, kuma maigidana yana matuƙar son tuwon shinkafa da miyar ɗanyar kuɓewa. Duk lokacin da na yi, sai miyar ta tsinke ta zama ruwa, launinta ya koma baƙi-baƙi, alhali ta surukata kore ce shar, ga yauƙi har sai an yanke shi da ludayi. Ina soya markaɗen tumatir da tattasai, in zuba kuɓewar tare da nama, in rufe su su dahu sosai. A ina kuskuren yake? Daga wata amarya, Gusau.

Amsa: Ƙanwata, Allah ya sanya albarka a auren, ya ba ku zaman lafiya. A cikin wasiƙarki kin riga kin ambaci abubuwa uku da suke kashe miki miya, wato tumatir, da rufe tukunya, da barin kuɓewa ta daɗe a wuta tare da nama. Yauƙin kuɓewa wani danƙo ne da yake cikin jikinta, wanda yake fitowa idan an yanka ta ta haɗu da ruwa, kuma gwargwadon ƙanƙantar yankan, gwargwadon yawan abin da zai fito. Tsami yana raunana wannan danƙo, doguwar dahuwa tana tsinka shi, kanwa kuwa tana ƙarfafa shi. Kowace hanya da ake dafa kuɓewa da ita, a nan gida ko a wata ƙasa, ko dai ana neman a fito da yauƙin ne ko ana neman a danne shi. Tumatir yana da tsami, saboda haka lokacin da kika zuba kuɓewa cikin soyayyen tumatir kin bi hanyar masu danne yauƙi, alhali ke nemansa kike yi.

Gyara yana farawa tun daga kasuwa. Ki zaɓi ƙanana da matsakaita waɗanda ba su wuce tsawon yatsa ba, ki kama tsinin ɗaya ki karya. Idan ya ɓalle nan take, kuɓewar sabuwa ce mai taushi; idan ya lanƙwashe ya ƙi karyewa, ta ƙosa, kuma babu dahuwar da za ta raba ta da zare-zaren da suke cikinta. Manoma suna cire ta ne kwana 4 zuwa 6 bayan furenta ya buɗe, kuma da an ƙara 'yan kwanaki a kan haka sai ta fara tauri. Ki wanke ta tun ba ki yanka ba, ki bar ta ta tsane, domin wankin da aka yi bayan yanka yana tafiya da yauƙin. Daga nan ki goga kashi biyu bisa uku a magogi ko ki jajjaga a turmi, sauran kuma ki yanka ƙanana da wuƙa saboda mai ci ya riƙa jin kuɓewar a baki. Ni ban cika son a markaɗa ta a bilenda ba, domin tana yin kumfa kuma laushin yana wuce kima. Idan ya zama dole, a taɓa injin sau biyu ko uku a kashe.

Ga gida mai mutum shida, kuɓewa 30 zuwa 40 ta isa, da nama rabin kilo. Ki dafa naman da albasa, citta, masoro da gishiri kaɗan har ya yi laushi, sannan ki zuba dakakkiyar daddawa, jajjagen attaruhu da tattasai, busasshen kifin da aka wanke aka cire wa ƙaya, da ƙaramin ludayi ɗaya na manja idan kina so. Wannan ruwan miyar shi ne mai bukatar lokaci. Ki bar shi ya yi ta tafasa har warin daddawa ya kwanta ƙamshinta ya tashi, ruwan kuma ya ragu ya koma daidai wanda kuɓewar za ta ɗauka. Mata da yawa suna cika ruwa da nufin zai ƙone bayan an zuba kuɓewa, kuma kafin ya ƙone ɗin yauƙi da kore duk sun tafi. Sai komai ya kammala ne za ki zuba ruwan kanwar da ba ta wuce girman ƙwayar wake ba, wadda kika jiƙa tun da farko kika tsiyaye samanta saboda yashi, sannan ki zuba kuɓewar, ki rage wuta, ki burga da maburgi. Minti 5 zuwa 7 sun isa, tukunya a buɗe. Rufewa tana mayar da tururi ruwa ya ɗiga cikin miyar, tana sa ta yi bori ta zube, tana kuma dusashe koren. Ki sauke tun tana kore, zafin tukunyar zai ƙarasa abin da ya rage. Ki duba tukunyarki da wuƙarki kuma, domin kuɓewa tana yin baƙi idan ta haɗu da baƙin ƙarfe ko tagulla, musamman ƙarfe mai tsatsa.

Idan maigida yana son ɗanɗanon tumatir, ki yi miyar dage-dage a wata tukunya daban, a zuba kuɓewa a gefen tuwo a ɗora jar miyar a kai, kamar yadda gidaje da yawa suke yi. Kuma ranar da surukarki za ta yi miyar, ki je ki taya ta aiki ki tsaya kusa da murhu, domin ki ga da idonki yawan ruwan da take zuba kuɓewa a kansa. Wannan awo ne da rubutu ba ya iya nuna miki, kuma za ta ji daɗi ƙwarai cewa kin nemi koyo a wurinta.

Tambaya: Hajiya, ina gaishe ki. Ni magidanci ne, tun ina yaro ba na iya haɗiye abu mai yauƙi, yanzu kuma biyu daga cikin 'ya'yana sun gado ni. Muna da ɗan lambu a bayan gida da yake ba mu kuɓewa fiye da bukatarmu, amma uwargidana ta ce ba a yin komai da kuɓewa sai miya. Shin akwai yadda za a dafa ta ba tare da yauƙi ba? Daga wani magidanci, Kaduna.

Amsa: Malam, akwai, kuma hanyoyin suna da yawa. Uwargida ba ta yi laifi ba, domin mu a ƙasar Hausa miya muka tashi muka tarar, ɗanya da busasshiya, muka tsaya a nan. Amma Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa noman kuɓewa a duniya, Najeriya tana biye da ita, mafi yawan girkin da mutanenta suke yi mata soyawa ce a bushe, kuma duk ƙoƙarinsu shi ne kada yauƙi ya bayyana ko kaɗan.

Sirrin suyar shi ne a raba kuɓewa da ruwa. A wanke ta, a goge kowace ɗaya da tsumma mai tsabta, a baza a tire ta sha iska har ta bushe sarai, wuƙa da katakon yanka su ma su kasance a bushe. A yanka ta manya, kamar tsawon gaɓar yatsa, domin ƙaramin yanka yana buɗe wa danƙon hanya. A ɗora kasko mai faɗi, a zuba man gyaɗa cokali 3, a bari ya yi zafi sosai, sannan a zuba kuɓewar a baje ba tare da wata ta hau kan wata ba. Idan tana da yawa a soya ta kashi biyu. Ba a rufewa, ba a kuma yawan juyawa. Da farko za a ga zare-zaren yauƙi suna bin cokali, amma cikin minti 10 za su ƙone su ɓace, gefen kuɓewar ya yi ja-ja. Sai a kwashe, a soya albasa da tafarnuwa da citta a sauran man, a sa kurkum da kori da barkono, a zuba yankakken tumatir guda biyu ya soyu har mai ya taso, sannan a mayar da kuɓewar ta turara na minti 3. Gishiri a ƙarshe ake sa shi, saboda yana jawo ruwa daga jikinta. Indiyawa sukan ƙara garin busasshen ɗanyen mangwaro domin tsami. Mu lemun tsami ko ruwan tsamiya kaɗan zai yi mana wannan aiki. Ana ci da farar shinkafa, da gurasa, ko a gefen dafa-duka.

Yaran kuwa, a fara jawo su da mai ƙaras-ƙaras. A tsaga kuɓewar a tsaye gida huɗu, a barbaɗa mata gishiri da yaji, a mulmula ta cikin garin masara mai laushi ko garin wake, a tsoma a mai mai zafi na minti 3 ko 4. Da garin masara mutanen jihohin kudu na ƙasar Amurka suke yi, kuma suna ci ne da zafinta, domin da ta huce sai ta saki.

Hanyar Misirawa ta fi waɗannan bukatar natsuwa, kuma tsohuwar hanya ce a ƙasar da ta daɗe da sanin wannan shuka. Masanin tsirrai na Andalus, Abul Abbas an-Nabati, ya ziyarci Masar a shekarar 1216 ya rubuta cewa mutanenta suna nomanta suna ci tun tana ƙarama mai taushi, kuma har yau ƙananan suke nema, waɗanda ba su kai ɗan ƙaramin yatsa ba. Ba a yanka ta. Ana fere kanta ne a hankali a zagaye ba tare da wuƙa ta huda cikin da 'ya'yan suke ba, a jiƙa ta da ruwan lemun tsami na rabin awa, a ɗauraye, a ɗan soya sama-sama, sannan a jera ta cikin miyar tumatir da naman rago wanda ya riga ya yi laushi. Daga nan ba a sa ludayi. Idan ana son juyawa, tukunyar ake girgizawa. Bayan minti 20 zuwa 30 a kan wuta kaɗan, sai a soya dakakkiyar tafarnuwa da garin kusbara a man shanu a juye a kai. Duk wanda ya taɓa cin bamiya, wato kuɓewa da Larabci, da shinkafa a gidajen abinci na Makka ko Madina ya san wannan ɗanɗano.

Tun da kuna da lambu, wadda na fi so ka gwada ita ce gashi, domin kuɓewar da aka tsinko yanzu babu abin da ya fi dacewa da ita. A jera ta a tsinken tsire ba tare da an yanka ba, a shafa mai, a ɗora a ragar gashi bisa garwashi, a juya bayan 'yan mintuna har jikinta ya yi ɗigo-ɗigon ƙuna, a sauke a barbaɗa yajin ƙuli da ɗan lemun tsami. Ba ta haɗu da ruwa ba, wuƙa ba ta buɗe ta ba, saboda haka abin da kake gudu ba ya samun hanyar fita sai ɗan santsi kaɗan a ciki.

Tambaya: Uwargida, a gidanmu ba a kaɗa miyar guro, wato kuɓewa, sai da kanwa. Likita ya ce mahaifina yana da hawan jini, ya rage gishiri. Shin kanwa ma tana cikin abin da zai rage? Idan aka bar ta, miyar za ta yi yauƙi kuwa? Daga wata ɗaliba, Maraɗi.

Amsa: 'Yata, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri bisa wannan kulawa. Kanwa tana ciki. Abin da likita yake gudu a gishiri shi ne sinadarin sodiyam, kuma kanwar da ake haƙowa a yankin Manga da gefen Tafkin Chadi ita ma tana ɗauke da sodiyam mai yawa, haka nan bekin sodar da wasu suke sawa a madadinta, haka nan dunƙulen magi. Sau da yawa likita yakan ce gishiri, majiyyaci ya ɗauka farin gishiri kaɗai ake nufi, ya rage shi amma a ci gaba da jefa magi huɗu da kanwa a tukunya. Idan kuka koma asibiti ku gaya wa likitan duk abin da kuke sa wa miya da sunansa. Kada kuma ku sauya kanwa da ruwan toka ba tare da saninsa ba, domin toka tana da sinadarin fotashiyam, wanda yawansa yana da haɗari ga mai ciwon ƙoda da mai shan wasu magungunan hawan jini.

Ko ga mai lafiya ma, mun saba cika kanwa fiye da bukata. Idan ta yi yawa tana lalata bitamin C da B1, tana narkar da kuɓewar, tana bar wa miya ɗanɗanon sabulu. Kuɓewa sabuwa mai taushi tana yin yauƙi da kanta. Ki jajjaga ta da kyau, ki zuba mata ruwan ɗumi kaɗan a kwano ki buga da ludayi har ta kama jikinta, ki rage yawan ruwan miya, ki kuma taƙaita dahuwa. Idan har yanzu bai kai yadda kuka saba ba, ki haɗa da hannu ɗaya na ganyen lalo, wanda masana tsirrai suka sa shi a dangi ɗaya da kuɓewa tare da kuka, rama, yakuwa da auduga, ko ki sa karkashi, wanda shi ɗan'uwan riɗi ne. Ɗanɗanon da za a rasa saboda rage gishiri da magi kuwa, daddawa mai kyau, busasshen kifi, citta da tafarnuwa za su cike mafi yawansa.

Tambaya: Anti, ina so in shanya kuɓewa yanzu da take araha in adana saboda rani. Wadda na shanya bara ta yi baƙi, wata ma ta yi fumfuna. Sannan idan na zo kaɗa busasshiya sai ta yi mini gudaji. Ki taimaka mini. Daga wata uwar gida, Funtuwa.

Amsa: 'Yar'uwa, shanya a tsakiyar damina tana da wuya saboda iskar kanta cike take da laima, kuma kuɓewar da ta kwana biyu ba ta bushe ba ita ce take yin baƙi da fumfuna. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina zuwa kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, sa'ad da ruwa ya ɗauke busasshiyar iska ta fara kaɗawa. Idan kuma dole yanzu za ki yi, ki yanka ta sirara, ki baza a tire ko tabarma mai tsabta a kan wani abu mai tudu inda iska za ta ratsa, ki lulluɓe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda, ki shigar da ita ɗaki kafin raɓar yamma. Ranar farko ta sha rana sosai, daga baya a ƙarasa a inuwa mai iska domin koren ya zauna. Ta bushe idan kin matsa ta karye, ba ta lanƙwasa ba. Kada a ce tun da shanyawa za a yi bari a sayi ƙosasshiyar da ta yi kwantai, domin garinta zare ne da 'ya'ya, ba ya kaɗuwa.

Wadda ta yi fumfuna ki zubar, kada ki kankare ki daka. Wasu nau'o'in fumfuna suna barin guba mai cutar da hanta, kuma tafasa ba ta kashe ta. Abin da ya sa nake ƙarfafa mata su shanya tasu ke nan, domin wadda ake bazawa a gefen kwalta tana shan ƙura da hayaƙin mota, dabbobi suna bi ta kai, kuma idan aka riga aka daka babu mai iya gane abin da ya shiga ciki. Ki adana taki a yankakkiyarta cikin mazubi mai murfi da yake rufuwa ruf, ki riƙa daka ta mako ɗaya ko biyu kawai, saboda gari ya fi saurin rasa ƙamshi da jawo ƙwari. Kafin daka ki baza ta a rana na awa ɗaya ta yi rau, za ta daku da sauƙi.

A busasshiya ma ruwan miyar ne yake ɗaukar lokaci. Nama mai ƙashi ko kaza ko banda, daddawa, citta, kanumfari, masoro, barkono, da hannu ɗaya na waken da aka surfa aka ɗan daka, su yi ta dahuwa har waken ya narke ya ba ruwan garɗi. Gudaji yana zuwa ne idan aka juye garin gaba ɗaya cikin ruwan da yake ɓararraka, sai bayansa ya jiƙe ya kulle cikin a bushe. Ki rage wuta har tafasar ta lafa, ki barbaɗa kaɗan ki burga, ki sake barbaɗawa ki burga. Cokali 4 ko 5 sukan isa lita ɗaya, kuma ki tsaya tun miyar tana da ɗan ruwa-ruwa, domin garin yana ci gaba da kumbura. Bayan minti 5 zuwa 10 ki sauke. Galibi ba ta bukatar kanwa. Soyayyen man shanu da aka ƙona wa albasa a kai, da tuwon dawa ko na masara, ba a bukatar ƙari.

Idan kina son sauyi, ki duba yadda mutanen Sudan suke yi, domin su ma busasshiyar kuɓewa, wadda suke kira weka, ita ce ginshiƙin miyarsu. Suna soya albasa har ta yi ja, su haɗa da dakakken busasshen nama da tumatir, sannan su kaɗa garin, a ci da asida, wato tuwonsu, ko kisra, wata siririyar gurasa. Suna da wata kuma da ake yi da nono mai tsami da tunkuzar gyaɗa. Tsamin yana rage yauƙin, garin ya ba miyar kauri da santsi kawai. Hausawan da suke zaune a Mai Wurno da Gadarif sun san waɗannan miya kamar yadda suka san tamu.

Tambaya: Hajiya, aure ya kawo ni Legas. Maƙwabciyata tana yin miyar kuɓewa mai manja da kifi da ganye, wadda ta sha bamban da tamu, kuma 'ya'yana suna sonta. Yaya ake yin ta, kuma dole ne sai da teba? Daga wata mai karatu, Agege.

Amsa: Ƙanwata, Yarbawa suna da iri biyu. Akwai fara wadda ake dafa kuɓewa zalla da daddawarsu mai 'ya'ya a ci da jar miya, akwai kuma wadda suke kira ila alasepo, wadda ake haɗa komai a tukunya ɗaya, kuma da alama ita kike gani. Ana narka manja, a zuba markaɗen tattasai da attaruhu ba tare da tumatir ba, a sa romon nama, daddawa, garin jatan lande, banda, ganda, wani lokaci da ƙaguwa, su dahu su haɗe, sannan kuɓewa ta shiga a ƙarshe na 'yan mintuna. Inyamurai sukan yanka tasu manya-manya domin a riƙa taunawa, su ƙara ganyen ugu a minti biyu na ƙarshe, wasu su sa ogbono kaɗan domin ƙarin yauƙi. Bambancinta da tamu yana cikin yawan manja da kayan ruwa, amma ƙa'idar sa kuɓewa a ƙarshe ɗaya ce. Ki tambayi maƙwabciyar irin naman da take sawa kafin yara su ci, sannan ki nemi ta nuna miki, ki yi taki da abin da kika yarda da shi.

Ba dole sai da teba ba. Tana tafiya da amala, sakwara, semo da tuwon shinkafa. A Gana da banku ake cin irinta, su kan haɗa da yalo. A Senegal da Gambiya kuwa supakanja, wadda ita ma manja ce da kifi da kuɓewa mai yawa, a kan farar shinkafa ake zuba ta. Wannan girki ya tsallaka teku tare da bayin da aka kwashe daga Afirka, har an rubuta samuwar kuɓewa a Barazil tun 1658. A jihar Bahiya ta can har yau ana yin karuru, wani girkin kuɓewa, da manja, busasshen jatan lande da gyaɗa, a Luwiziyana ta Amurka kuma ana yin wata miya mai suna gambo, wadda jihar ta ayyana a matsayin abincinta a 2004, ita ma da shinkafa ake ci. Saboda haka ranar da ba ki da ƙarfin tuƙa tuwo, ki dafa farar shinkafa ki ɗan ƙara wa miyar ruwa.

Tambaya: Anti, kuɓewata tana yin baƙi da santsi idan ta kwana uku a firji. Me zan yi? Daga wata ma'aikaciya, Abuja.

Amsa: 'Yar'uwa, kuɓewa shukar zafi ce, sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas yana ƙona jikinta. Kada ki wanke kafin ajiya. Ki naɗe ta a takarda ki sa a aljihun ƙasa na firji, ki yi amfani da ita cikin kwana 2 ko 3. Idan ta watanni kike so, ki tsoma ta a tafasasshen ruwa na minti 3, ki tsame ki sa a ruwan sanyi, ta tsane, ki yanka ki ƙulla daidai miya ɗaya-ɗaya ki sa a firiza. Ranar girki kada ki jira ta narke, ki juye ta da ƙanƙararta cikin ruwan miya mai tafasa.

Tambaya: Hajiya, mijina yana da ciwon suga. An ce mana a jiƙa kuɓewa ta kwana a ruwa ya sha da safe, wai har ba sai ya sha magani ba. Gaskiya ne? Kuma wace hanyar dafa ta ce ta fi masa? Daga wata mai karatu, Bauchi.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya. Ina roƙonki kada ya ajiye maganinsa saboda ruwan kuɓewa, domin ciwon suga yana ɓarna a ɓoye, a ido da ƙoda da ƙafa, mutum yana ganin lafiyarsa ƙalau. Kuɓewa abinci ce mai kyau gare shi: giram 100 na ɗanya kalori 33 kawai yake da shi, da faiba kimanin giram 3, ga bitamin C da K, kuma danƙon nata yana rage saurin shigar suga cikin jini bayan cin abinci. Amma wannan danƙon zai iya riƙe magani ma, domin wani bincike da aka yi a kan ɓeraye ya nuna ruwan kuɓewa ya rage shigar maganin suga mai suna metformin cikin jiki. Idan shi yake sha, ku tambayi likitansa kafin ya fara shan ruwan, haka nan idan yana shan maganin tsinka jini na warfarin ko ya taɓa yin tsakuwar ƙoda.

A girki, ki bar masa soyayya mai gari da mai da yawa sai jefi-jefi. Ɗanyar miya mai gajeriyar dahuwa, da manja kaɗan da kifi, ko gasasshiya, ko wadda aka turara na minti 4 aka yanka cikin kwaɗon zogale, su suka fi. Ki lura kuma cewa miya mai yauƙi tana sa tuwo ya wuce ba a ji ba, mutum ya ci malmala biyu bai ankara ba, kuma tuwon ne yake ɗaga sugan. Ki cika masa kwano da miya da kifi, ki rage malmalar zuwa gwargwadon da likita ko mai ba da shawara kan abinci ya auna masa, ku kuma gwada jininsa awa biyu bayan cin abincin domin ku ga yadda jikinsa ya karɓa.